Kwamitin Makaranta da Abin da Ya Kamata Ya Duba

Duk wanda ya gama koyon aikin malanta, aka ba shi takardar shaida, aka tura shi wani gari, ba zai yi wata guda ba sai ya gane makarantar nan ba tasa ba ce shi kaɗai. Wata rana da hantsi yana tsakiyar darasin lissafi, sai ya ji sallama a ƙofar aji, ya ga dattawa biyar ko shida, har da mace a cikinsu, su ce su ne 'yan kwamiti, sun zo duba makaranta. Waɗansu malamai da sun gan su sai gabansu ya faɗi. Waɗansu kuwa su murtuke fuska, su ce a ransu, ina ruwan manomi da alli? Duka biyu kuskure ne. Nufina a wannan darasi in bayyana muku asalin mutanen nan da aikin da ke kansu, musamman wajen jarrabawa, gama nan ne su da malamai suka fi ruɗin juna.

Domin magana ta zauna sosai, bari mu ɗauki gari guda mu auna ta a kansa, watau Rurum. Rurum tana cikin ƙaramar hukumar Rano, kudu da birnin Kano, ƙasa ce ta duwatsu, kuma ba ta da nisa da madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama gininta cikin 1974. Kashi biyu ce, Tsohon Gari da Sabon Gari, ko wanne mazaɓa ce mai zaman kanta. Rano kuwa, kun sani, tana cikin Hausa Bakwai, Kibiya kuma maƙwabciyarta ce. Mutanen wajen galibinsu manoma ne, kuma tun da aka sami ruwan Tiga noma bai tsaya ga damina kaɗai ba a kudancin Kano. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

A zamanin Turawa babu wanda ya ke tambayar uban yaro ra'ayinsa. Tun daga makarantar da Ɗan Hausa, watau Hans Vischer, ya buɗe a Nassarawa ta Kano cikin 1909, har zuwa makarantun Elementare da aka yi ta buɗewa a garuruwan hakimai, En'e ke da makaranta, Baitulmali ke biyan malamai. In ana neman yara sai a aika wa hakimi, hakimi ya aika wa dagaci, dagaci ya aika wa mai unguwa, a kamo su. Iyaye da yawa suka ɗauki boko kamar haraji, abin da a ke gudu, har a kan ɓoye yaro a rumbu ko a tura shi wajen dangi. Makarantar da aka kafa bisa wannan hali ta hukuma ce, in guguwa ta kwashe rufinta ba mai ɗaga kai ya duba. Cikin 1976 aka kawar da tsarin En'e aka kafa ƙananan hukumomi, a shekarar kuma aka soma ilmin firamare kyauta ga kowa. Yara suka yi yawa, azuzuwa suka yi kaɗan, amma tunanin nan na cewa makaranta kayan gwamnati ce bai gushe ba.

Cikin 2004 aka kafa dokar ilmi na tushe, wadda ta wajabta wa kowane yaro shekara tara a makaranta, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, ba da biyan ko kwabo ba. Dokar ta tsara hukumomi hawa uku. Akwai ta tarayya a Abuja, wadda ta ke karɓar kashi 2 cikin 100 na kuɗin da ke shiga asusun gwamnatin tarayya, ta raba wa jihohi bisa sharaɗin ko wace jiha ta kawo nata rabon tukuna. Akwai ta jiha, wadda a ke kira SUBEB. Sa'an nan akwai hukumar ilmi ta ƙaramar hukuma, mai Sakataren Ilmi a kanta. Jihar Kano ƙananan hukumominta 44, ko wacce da nata sakatare, Rano da nata, Kibiya da nata. To, amma sakatare mutum ɗaya ne, makarantunsa kuwa sun warwatsu cikin ƙauyuka. Saboda haka bayan dokar da kaɗan Majalisar Ilmi ta Ƙasa ta yanke shawara ko wace makaranta ta kafa kwamitinta na mutanen gari. A kan sa mai sarautar gari ko wakilinsa, da malamin addini, da wakilan mata, da na iyayen yara, da tsohon almajirin makarantar, da mai sana'a, da wakilin malamai, har da yara biyu, namiji da mace. Shugaban makaranta galibi shi ke riƙe da littafin taro. Daga 2008 wani shiri mai suna ESSPIN, wanda gwamnatin Ingila ta ba da kuɗinsa, ya yi shekaru yana horar da irin waɗannan kwamitoci a jihohi shida, Kano na cikinsu.

Ku lura da iyakar ikonsu. Kwamiti ba ya ɗaukar malami aiki, ba ya biyansa, ba ya sauya masa wuri, ba ya kuma tsara abin da za a koyar. Abin da ya ke da shi ido ne da baki: yana gari kullum, yana gani, yana kuma da hanyar kai magana ga Sakataren Ilmi. Mai ɗaki, an ce, shi ya san inda ya ke yoyo.

To, ga jarrabawa. In 'yan kwamiti suka zauna ƙarshen shekara, tambayar da suka saba yi ita ce, yara nawa suka ci? Shugaban makaranta ya karanto adadi, in ya yi yawa a ce madalla, a shafa fatiha, a watse. Ni a ganina babu tambayar da ta fi wannan haɗari, kuma ba mu ne farkon waɗanda ta cuta ba. A Ingila cikin 1862 wani babban ma'aikacin ilmi, Robert Lowe, ya kawo doka cewa kuɗin da gwamnati za ta ba makaranta ya rataya ga zuwan yara da kuma yawan waɗanda suka ci gwajin karatu da rubutu da lissafi a gaban sufeto. A baki abin ya yi kyau ƙwarai. Amma me ya faru? Malamai suka koma sa yara haddar littafin da za a gwada su da shi, har yaro ya kan karanto shafi sarai alhali bai san ma'anarsa ba, duk abin da ba a gwadawa kuwa aka yar da shi. Kafin ƙarnin ya ƙare sai da aka soke dokar. Malamin da aka ce mutuncinsa na ga adadi, lalle zai samar da adadi ta ko wace hanya. A firamare shi ke yin tambayoyi, shi ke duba amsa, shi ke rubuta maki a littafi, wa zai hana shi? Daga nan ciwon ke tasowa, ya bi yaro zuwa jarrabawar ƙarshen ƙaramar sakandare, har zuwa ta WAEC da ta NECO, inda satar amsa ta yi yawan da sai da aka kafa mata doka ta musamman cikin 1999. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: uban da ya ke murna da maki bai taɓa sa ɗansa ya karanta masa wasiƙa ba, shi ma yana da rabonsa na laifi.

Kada ku ce na kambama abin. Cikin 2014 an bi makarantun gwamnati a jihohin Kano da Jigawa da Kaduna da Katsina, aka zauna da yaran ƙananan azuzuwa ɗaya bayan ɗaya, aka ba su ɗan labari da Hausa su karanta. Mafi yawansu ba su iya karanta ko kalma guda ba. Da Hausa fa, harshen da suka sha a nono! Yaran nan kuwa ana ciyar da su gaba daga aji zuwa aji ko wace shekara.

Tambayar da ta kamaci kwamiti ita ce, yara nawa suka iya karatu? Amsarta kuwa ba a littafin maki ta ke ba, gani ya kori ji. Ga yadda za a yi, ba ya cin ko sisi. A ce kwamitin wata makaranta a Rurum ya sa rana. Tsohon almajirin da ke cikinsu ya rubuto takarda guda daga gida: a sama baƙaƙe warwatse, ƙarƙashinsu kalmomi kamar goma, sa'an nan jimla uku, a ƙasa ɗan labari gajere wanda ba ya cikin littafin aji. A ɗauko littafin kiran suna na aji uku, a zaɓi yara goma ta hanyar ƙuri'a, maza da mata, ba waɗanda malam ya nuna ba, gama ko wane malami yana da zakarunsa biyu da ya kan fito da su in baƙi sun zo. A kira su ɗaya ɗaya ƙarƙashin inuwa, da sakin fuska, ba tsawa, ba bulala. A rubuta inda kowa ya tsaya. Bayan wata uku a sake. In a karo na fari biyu suka kai ga labarin, a karo na biyu biyar suka kai, to malamin nan ya yi aiki, ko da makin jarrabawarsa bai kai na makarantar gaba ba.

Wani zai ce, ai rabin 'yan kwamiti ba su yi boko ba. Wannan ba hujja ba ce. Malamin makarantar allo da ke cikinsu ya fi kowa sanin bambancin yaron da ya gane babbaƙu da farfaru da wanda ke bin bakin 'yan'uwansa kawai. Da kunne ma a kan gane mai karatu da mai lalube.

Irin wannan gwaji shi wata ƙungiya mai suna Pratham ta yi ta yi a ƙauyukan Indiya tun 2005. Akwai kuwa abin lura daga can. A gundumar Jaunpur, cikin jihar Uttar Pradesh, waɗansu masana, har da Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka sami kyautar Nobel cikin 2019, sun bincika kwamitocin ilmi na ƙauyuka. Suka tarar mafi yawan iyaye ba su ma san akwai kwamiti ba, da yawa daga waɗanda sunansu ke rubuce kuma ba su san suna ciki ba. Aka yi ta tara mutane ana yi musu bayani, bai sauya kome ba. Abin da ya yi amfani shi ne inda aka koya wa samarin ƙauye yadda za su zauna da yara bayan an tashi makaranta su koya musu karatu. Watau gwaji kaɗai ba ya warkarwa, sai an sami masu tashi bayansa.

Batun gini ba ya bukatar dogon bayani. Kafin hadarin fari, a ce cikin Afrilu, 'yan kwamiti su kewaya da kafinta, a duba ƙusar da ta saki da katakon da gara ta ci, gama kwano guda da aka ƙyale shi ke jawo rufin aji duka. A ƙirga kujeru, a ƙirga yara, a kuma tuna manufar ilmi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. A duba ruwan sha da iyakar fili, kada gonar wani ta yi ta matsowa shekara shekara. Bisa duka a duba ban-ɗaki. Yarinyar da ta fara girma ba za ta zauna inda ba ta da wurin kewayawa mai ƙofa ba, kuma ba za ta faɗa wa shugaban makaranta dalili ba, sai dai a ga ta daina zuwa. Don haka aka sa mata a kwamiti, kada a bar su a bayan tabarma. Abin da gayya za ta iya, gari ya yi. Abin da ya fi ƙarfin gari a rubuta wa Sakataren Ilmi, da kwanan wata, a ajiye kwafi, in an ji shiru a sake rubutawa. Amma a kiyaye da ɗora wa iyaye kuɗi tilas da sunan gyara, domin dokar 2004 ta hana karɓar kuɗin makaranta, ta kuma yanka wa mai karɓa tara ko ɗauri.

Saura koke-koken mutanen gari, nan kuwa za mu koma ga noman da na ce ku riƙe. Malami ya kan kawo ƙara cewa ajinsa ya zama kango lokacin shuka da girbi, a ƙasar da a ke noman rani kuma har da lokacin tsinkar tumatir. Uba shi ma yana da tasa ƙarar: ya hana kansa hannun yaro a gona, ya aiko shi, yaro ya komo ya ce malam bai zo ba. Na taɓa zama a wani taro inda wani tsoho ya miƙe ya faɗi wannan a gaban kowa, malamai suka fusata, aka tashi baram-baram. Da a ce kwamiti yana duba littafin sa hannun malamai da na kiran sunan yara tare, ko wane wata, da ba a kai ga haka ba, gama kowa zai ga nasa giɓin a rubuce. Doka ta ba da ikon a tsawata wa uban da ya ƙi kai ɗansa, in ya sake a ci shi tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata guda. Ban ga alheri cikin fara wa da wannan ba. Mai unguwa da liman su taka har zauren mutum su ji uzurinsa, wannan ya fi komo da yaro aji bisa sammaci.

Ga aikin da na ba ku na wannan hutu. Kowa ya je makarantar firamare ta garinsu, ya nemi sunayen 'yan kwamiti, ya sami uku daga cikinsu a gidajensu, ɗaya mace, ya tambaye su yaushe suka zauna zaman ƙarshe da abin da aka yanke. Sa'an nan ya rubuta takardar gwajin nan da hannunsa, ya nemi izinin shugaban makaranta, ya gwada yara goma na aji uku. Ku kawo abin da kuka samu a rubuce ran da aka komo.