Kafin a sauya maka gwiwa, ka fara shirya komowa gida

Tambaya: Ni manomin tattasai ne a Bosso, shekaruna 58. Shekara huɗu ke nan gwiwata ta dama tana hana ni barci, na sha magani har cikina ya soma ciwo. An yi mini hoto a Difa, aka ce guringuntsin ya cinye, sai an sa mini ta ƙarfe. Wasu na cewa wanda aka yi wa aikin ba ya ƙara moruwa. Ƙanena mai sikila shi ma an ce kwatangwalonsa za a sauya. Mece ce shawararka?

Amsa: Malam, Allah ya ba ku lafiya. Zancen rashin moruwa ba haka yake ba. Tun 1962 wani likita a Ingila, John Charnley, ya fito da kwatangwalon ƙarfe da roba wanda aka gina aikin yau a kansa. Ana sare kan ƙashin da ya lalace, a maye gurbinsa, ƙashi ya daina gugar ƙashi.

A 2019 masu bincike na Jami'ar Bristol sun tattara bayanan dubban mutane suka buga a mujallar Lancet. Cikin gwiwoyi 100 da aka sauya, 82 suna aiki bayan shekara 25, kwatangwalo kuwa 58 cikin 100. Sai dai wasu binciken sun nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar da aka sauya wa gwiwa yakan ci gaba da jin ciwo ko sagewa, yayin da masu kwatangwalo suka fi samun sauƙi. Waɗannan alƙaluma daga ƙasashen da asibiti ke kusa da gida suka fito. Kai kuwa tsakaninka da Difa kusan kilomita 100 ne, daga Difa zuwa Yamai fiye da 1,300.

Matsalar da muka fi tsoro ita ce ƙwayar cuta ta kama ƙarfen. Tana samun mutum ɗaya zuwa biyu cikin 100, amma idan ta kama, magani kaɗai ba ya cika kashe ta, sau da yawa sai an sake buɗewa, wani lokaci a cire ƙarfen. Alamunta zazzaɓi, kumburi mai zafi, da ruwa ko mugunya daga ɗinkin. Ta biyu gudan jini ne a jijiyar ƙafa, wanda kan iya tafiya huhu: sharaɓa ta kumbura, ko numfashi ya sarƙe farat ɗaya. Dogon zama a mota yana ƙara haɗarinsa. Ta uku gocewar kwatangwalo, galibi a watanni ukun farko, idan mutum ya tsuguna sosai ko ya harɗe ƙafafu. Akwai kuma sassautawar ƙarfen bayan shekaru, wadda ɗaukar kaya masu nauyi ke gaggautawa.

Kafin ka tafi, a auna sukarinka da hawan jini da yawan jini. Ruɓaɓɓen haƙori, gyambo, ciwon fitsari ko tsargiya, duk a yi maganinsu tukuna. Idan kana shan taba, ka bar ta aƙalla mako huɗu kafin aikin. Ka tambayi likitan sau nawa yake yin irin wannan aiki, kuma wa zai duba ka idan matsala ta taso. Ko a Yamai ne ko a asibitin ƙashi na Dala da ke Kano, ka yi guzurin zaman makonni kusa da asibitin, don gashin ƙashi da cire zare. Gwiwar da ba a motsa ta da wuri ba takan sage.

Idan ka dawo, ka sha maganin tsinka jini yadda aka rubuta har ya ƙare. Ka tanadi gado mai tudu da kujerar bayan gida, domin tabarma da masai na tsuguno za su wahalar da kai. Durƙuso yana yi wa masu sabuwar gwiwa wuya, kuma salla a zaune halal ce ga mai larura. Kada ka shiga ruwan kogin Komadugu ko laka sai ɗinkin ya warke sarai. Kada a yi maka tsaga, ƙaho ko sakiya a wurin, kuma kada maɗori ya taɓa shi. Gona za ka koma, amma buhun taki da na tattasai ka bar wa yara.

Ƙaninka kuwa, sikila ce ke toshe jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya har ya mutu. Aikin yana taimakon irinsa sosai, amma haɗarin ƙwayar cuta da tashin ciwon ya fi yawa, don haka a yi shi inda akwai likitan jini da jinin ƙari a ajiye. Tunda ya fi ka ƙuruciya, ya sa a ransa wataƙila a sake masa aikin nan gaba.

Idan ciwon ya hana ka barci da neman abinci, magani da motsa jiki kuma sun gaza, ka yarda a yi aikin. Amma kada ka hau mota sai ka riƙe takardar asibiti da lambar likitanka, kuma ka san wanda zai duba ka a Difa.