Busasshiyar Gurasar Mutanen Gibeyon: Darasi a Kan Masu Ruɗi

Karatu: Joshua sura 9.

'Yan'uwa cikin Kristi, ɓarawo iri biyu ne. Akwai mai fasa ƙofa da dare, akwai kuma mai zuwa da rana tsaka da sallama, ya yi ta magana mai daɗi har mai gida ya buɗe masa da hannunsa. Kwaɗo da sakata suna tsare na farin, amma ba su tsare na biyun, gama zuciyar mai gida yake buɗewa. Darasinmu na wannan wata a kan na biyun ne. Ya shafi dukan masu bi, balle 'yan'uwanmu na ƙasar Batsari da Safana, a yammacin Jihar Katsina, waɗanda suke zaune a bakin Dajin Rugu. A can magana ɗaya da aka saki ba da lura ba tana iya cin shanun mutum, ko ransa.

1. Abin da ya faru a Gilgal

Bayan da Isra'ilawa suka ci Yariko da Ai, tsoro ya kama mutanen Gibeyon. Sun san ba za su iya da yaƙi ba, sai suka yi dabara. Suka ɗora tsofaffin buhuna a kan jakuna, suka ɗauki salkuna da suka yage aka ɗinke, suka sa tsummoki da takalma masu faci, suka riƙe gurasa busasshiya wadda ta yi fumfuna. Suka zo sansani a Gilgal, suka ce daga ƙasa mai nisa suka fito, suna roƙo a ƙulla alkawarin salama da su.

Mu lura da abu huɗu. Na fari, sun zo da tawali'u, suna kiran kansu bayi. Na biyu, sun ambaci sunan Ubangiji, suka ce labarin ikonsa ne ya kawo su. Na uku, sun ba da labarin Masar da na sarakuna Sihon da Og, amma ba su ambaci Yariko da Ai ba, gama wanda ya fito daga nesa bai isa ya ji sabon labari ba tukuna. Na huɗu, sun kawo shaidar da ido zai gani, hannu ya taɓa, amma su ne suka shirya ta.

Isra'ilawa sun yi shakka da farko, har suka tambaya ko baƙin nan maƙwabta ne. Amma da suka duba guzurin, sai suka gamsu. Aya ta 14 ta nuna mana inda aka faɗi: ba su nemi shawarar Ubangiji ba. Bayan kwana 3 gaskiya ta fito, amma rantsuwa ta riga ta ɗaure su. Ashe Joshua, wanda garun Yariko bai tsai da shi ba, busasshiyar gurasa ta ci shi.

2. Ƙofofin da mai ruɗi yake bi

Mai ruɗi ɗalibin halin mutum ne. Ya san abin da ke motsa zuciya, ta nan yake shiga.

Ƙofar tsoro. Waya ta yi ƙara, wani ya ce shi ma'aikacin banki ne, za a rufe asusunka yau in ba ka faɗa masa lambar BVN, da lambar katin ATM, da lambar sirrin da aka aiko maka ba. Tun 2014 da Babban Bankin Nijeriya ya kawo BVN, 'yan damfara suke fakewa da sunanta. Ka sani banki ba ya neman lambar sirrinka ta waya. Wani kuma yakan kira ya ce ɗanka yana hannunsa, ko kuwa za a zo gidanka in ba ka aika kuɗi ba. A ƙasar da ake sace mutane da gaske, maƙaryaci ma yana cin abinci da tsoron da waɗansu suka shuka. Haka aka yi wa Nehemiya: Shemaiya ya ce masa ya gudu ya ɓuya a Haikali, wai za a kashe shi da dare, ashe hayarsa maƙiya suka yi (Nehemiya sura 6).

Ƙofar kwaɗayi. Masu shirin MMM sun yi alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 kowane wata. A Disamba 2016 suka tsai da biya, kuɗin mutane da yawa ya tafi, har da na masu bi da 'yan'uwansu suka jawo su ciki. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Wanda ya ce ka ba shi kuɗin fom domin a sa sunanka cikin tallafi, ko taki, ko aikin gwamnati, ta wannan ƙofa yake bi.

Ƙofar sauri. Kullum mai ruɗi yana cewa yanzu-yanzu, kuma kada ka gaya wa kowa. Yana tsoron ka kwana da maganar, yana tsoron matarka ko dattijon ekklesiya ya ji. Gaskiya ba ta ƙin a jira ta zuwa gobe.

Ƙofar kunya da girmamawa. An koya mana kada mu tsananta wa babba da tambaya. Saboda haka mai ruɗi yakan zo da babbar riga, ko kaki, ko Littafi Mai Tsarki a hammata, yana cewa “ɗan'uwa”, yana yabon Ubangiji kamar mutanen Gibeyon. Shi ya sa manzo Yohanna ya gargaɗe mu mu gwada masu zuwa da sunan Allah (1 Yohanna 4:1).

3. Ruɗin da ba kuɗi yake nema ba

Akwai mai ruɗin da labari kaɗai yake so. Sa'ad da sarki Hezekiya ya warke daga ciwo, sarkin Babila ya aiko manzanni da wasiƙa da kyauta, wai gaisuwa. Hezekiya ya ji daɗi, ya zaga da su, ya nuna musu azurfa, da zinariya, da ɗakin makamai, bai rage kome ba. Annabi Ishaya ya zo ya tambaye shi abin da mutanen suka ce, da inda suka fito, da abin da suka gani a gidansa. Sa'an nan ya shaida masa cewa kwana na zuwa da za a kwashe dukan abin nan zuwa Babila (2 Sarakuna sura 20).

Mutanen Batsari da Safana sun san wannan a jikinsu. 'Yan bindigar daji suna da masu kai musu rahoto, waɗanda jama'a ke kira infoma, gama da ɗan gari akan ci gari. A watan Satumba 2021, a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Batsari, da Safana, da Jibiya, da Ɗanmusa, da Ƙanƙara, domin a yanke hanyar da ke tsakanin 'yan bindiga da masu ba su labari. An maido da layukan daga baya. Amma mu tambayi kanmu, ina infoma yake samun labarinsa? Sau da yawa a bakinmu ne: a teburin mai shayi, a bakin rijiya, a cikin mota, har a ƙofar majami'a bayan sujada. Wane ya sayar da bijimi, wance ɗanta ya aiko kuɗi daga Legas, ma'aji zai kai baiko banki ran Litinin. Mai faɗa bai yi nufin mugunta ba, Hezekiya ma bai yi ba. Amma baki shi ke yanka wuya.

4. Abin da mai bi zai yi

Ka dakata. Duk maganar da ta sa zuciyarka ta buga, ko don tsoro ko don murna, kada ka amsa ta nan take. Ka yi addu'a, ko ta minti ɗaya ce. Abin da aka tsallake a Gilgal ke nan.

Ka bincika ta wata hanya dabam. Kada ka dogara ga gurasar da baƙo ya miƙo maka. Ka kashe wayar, ka tafi bankin da ƙafarka. Ka kira ɗanka a lambar da ka sani, ko wanda yake tare da shi. In barazana ce ta gaske, ka sanar da mai gari da jami'an tsaro.

Ka shawarci mutum biyu masu hankali kafin ka ba da kuɗi ko ka yi alkawari. Matambayi ba ya ɓata.

Ka iya cewa a'a da ladabi. Sau 4 Sanballat ya aika wa Nehemiya ya sauko su gana a filin Ono, sau 4 ya mayar da amsa iri ɗaya, cewa aikin da ke hannunsa ba zai bar shi ba. Bai yi zagi ba, bai kuwa je ba.

Ka tsare labarin gida da na ekklesiya. Ku koya wa yara kada su gaya wa baƙo inda baba ya tafi ko ranar da zai komo. Dattawa su lura da abin da ake sanarwa a fili game da kuɗi da tafiye-tafiye.

In an cuce ka, ka faɗa. Kunyar wanda aka damfara ita ce garkuwar ɗan damfara. Ekklesiya kuma kada ta yi masa dariya, gama an ruɗi Joshua ma.

5. Kada mu faɗa ɗaya ramin

Wani zai ce, to, sai mu rufe ƙofa ga kowane baƙo? A'a. Ubangijinmu ya haɗa mana misali biyu, wayon maciji da halin kurciya marar ɓarna (Matta 10:16), ba ya so mu riƙe ɗaya mu yar da ɗaya. Ka ba baƙo ruwa da tuwo da tabarma, amma ba dole ne ka nuna masa rumbu ba. Kada kuma ka kira maƙwabcinka infoma don ka ji a bakin wani, ko don kabilarsa, ko don wata tsohuwar rigimar gona. Jita-jita ma ruɗi ce, tana kuwa iya jawo zub da jinin marar laifi. In kana da shaida, ka kai ta ga hukuma. Shaidar zur zunubi ce a gaban Allah.

Tambayoyi domin nazari

1. Me ya sa mutanen Gibeyon ba su ambaci Yariko da Ai ba?
2. Cikin ƙofofi huɗun nan, wacce ce ta fi sauƙin buɗewa a zuciyarka?
3. Wane labari ne ake faɗa a fili a ekklesiyarku wanda ya kamata a tsare shi?
4. Yaya za mu karɓi baƙi da ƙauna, mu kuma yi hankali?

Mu yi addu'a domin 'yan'uwanmu na Batsari da Safana, da dukan maƙwabtansu, Allah ya ba su salama. Mu roƙa ya sa mai tsaro a bakinmu, ya koya mana mu tambaye shi kafin mu amsa wa mutum. Amin.