Python Ta Ba Ka Amsa Bambaraƙwai? Ga Dalili, Ga Magani

Koken da masu koyon rubuta manhaja da Python suka fi kawowa shi ne: sun rubuta kod, ya gudana lami lafiya, amma amsar da ta fito ba ita suka zata ba. Kafin ka ɗora wa kwamfutarka laifi, ka sani mafi yawan irin wannan ba ɓaraka ba ce. Haka aka tsara yaren, kuma a rubuce yake cikin bayanansa.

Mu fara da lissafi, domin a nan ake asarar kuɗi. Rubuta 0.1 + 0.2, Python za ta ce 0.30000000000000004. Kwamfuta da sifili da ɗaya take ajiye lamba, bisa ƙa'idar IEEE 754 ta 1985, kuma 0.1 ba ta ƙarewa a wannan tsari, kamar yadda ɗaya bisa uku ba ta ƙarewa idan ka rubuta 0.333. Haka abin yake a C da Java da JavaScript. Sai kuma round(2.5) ta ba ka 2, alhali round(3.5) ta ba ka 4. Tun fitowar Python 3 a 2008, lambar da ta tsaya daidai tsakiya ana tura ta ne ga lambar da ke rabuwa biyu. Saboda haka, in albashi ko cinikin shago kake lissafawa, yi amfani da Decimal, ka rubuta Decimal("0.1") da alamun zance, ka zaɓi ROUND_HALF_UP. Ko kuma ka riƙa ƙirge da kwabo, sai wajen nunawa ka mayar naira.

Na biyu, kada ka haɗa is da ==. Alamar == daraja take gwadawa, is kuwa tambaya take ko abu guda ne a ma'ajiya. CPython, wato manhajar da ke gudanar da kod ɗin Python, na tanadin lambobi daga -5 zuwa 256 tun farko, shi ya sa is kan yi daidai da 256, ta ba ka kunya a 257. Bar is ga None.

Na uku, rstrip. Kana son cire wutsiyar sunan fayil, ka rubuta "intanet.txt".rstrip(".txt"), sai ka ga "intane". Haruffa take tsincewa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa ta haɗa har da t ɗin intanet. Maganin shi ne removesuffix, wadda aka ƙara a Python 3.9.

Akwai matsalar da ta shafe mu kai tsaye, wato haruffa masu lanƙwasa. A kwamfutocin Windows da yawa, idan ka buɗe fayil da open ba ka faɗi tsarin haruffa ba, Python kan ɗauki cp1252, wanda bai san ƙ da ɗ da ɓ ba. Kana zuwa ajiye sunan Ɗanladi, sai UnicodeEncodeError ta tare ka. Ga abokinka mai Linux kuwa, kod ɗin nan bai ce uffan ba. Kullum ka sa encoding="utf-8". Haka nan sorted za ta jera kasa, zaki, sannan ƙasa, domin lambar ƙ a Unicode tana can bayan ta z. In rajistar ɗalibai kake shiryawa, dole ka ba ta naka tsarin abacada ta hanyar key.

Shawarata ita ce, duk umarnin da ba ka taɓa amfani da shi ba, gwada shi a layi ɗaya tukuna, ka duba help, ka kuma tabbatar da sigar Python ɗin da ke kan na'urarka. Sannan ka gwada manhajarka da rabin kwabo da sunaye masu lanƙwasa kafin ka miƙa ta ga mai aiki.