Kayan Marmarin Hunturu a Teburin Biki: Shawara ga Masu Gidajen Abinci

Daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu, gidajen abinci a Kano, Kaduna, Jos da Abuja ba su da lokacin kansu. Makarantu sun yi hutu, kowace Asabar ɗaurin aure, ga Kirsimeti, ga sabuwar shekara, ma'aikatu kuma na shirya walimar rufe shekara. Mai yawan halartar irin waɗannan taruka zai lura da abu guda: shinkafa da nama kan bambanta daga wannan gida zuwa wancan, kayan marmari kuwa iri ɗaya ne ko'ina. Tuffa da inabin da aka shigo da su daga waje, an yayyanka cikin ƙaramin kofin roba, an fito da su daga firji da sanyinsu, a daren da kowa ya ƙudundune cikin rigar sanyi. Da yawa daga kofunan nan ko taɓa su ba a yi.

Mai gidan abinci ya yi asara sau biyu ke nan. Kayan waje da dala ake sayo su, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 farashinsu ya yi tashin gwauron zabo. Sannan ya bar abin da ke zube a kasuwa, a lokacin da ya fi araha kuma ya fi daɗi.

Maganin ya fara ne daga kasuwa, ba daga kicin ba. Kafin a buga takardar jerin abincin biki, kuku da kansa ya kamata ya taka zuwa 'Yan Lemo a Na'ibawa idan a Kano yake, ko kasuwar Zuba idan a Abuja ne, ya ga abin da manyan motoci ke saukewa, ya tambayi dillalai mako nawa kayan za su ƙara yi suna zuwa. Kala uku sun isa. Gidan da ya jera kala goma, ruɓa ce za ta ci ribarsa.

Na farko lemu ne. A wannan lokaci yana kwararowa daga jihar Binuwai, daga yankunan Gboko, Ushongo da Vandeikya. Masu saye da yawa na guje wa mai koren ɓawo, suna zaton ɗanye ne. Ba haka ba ne. Ɓawon lemu sai ya sha sanyin dare sosai yake rikiɗa, abin da Binuwai ba ta cika samu ba, don haka kore shar kan iya fin mai launi zaƙi. A ɗauka a auna a hannu: mai nauyi shi ne mai ruwa. A kuma ɗanɗana kafin a biya, domin lemu ba ya ƙara zaƙi bayan an tsinke shi. Kuskuren da aka fi yi a kicin shi ne matse shi tun da safe don taron dare. Akwai wani sinadari, limonin, da ke fitowa bayan matsa, ya sa ruwan ya yi ɗaci cikin 'yan sa'o'i. A matse dab da lokacin sha. Ba a kofi kaɗai amfaninsa yake ba: ruwan lemu da citta da tafarnuwa da ɗan zuma kan jiƙa kazar da za a gasa, ɓawon kuma, idan an wanke shi an goga saman kawai ba tare da farin cikinsa ba, yana ba kek ƙamshin da filebon kwalba ba ya bayarwa.

Na biyu shi ne abin ado, kuma daga Filato yake fitowa. Tsaunin Jos na da tsayin kimanin mita 1,200, sanyinsa ya sa manoman ƙauyen Chaha da kewayen Vom ke noma sitiroberi, kakarsa kuma ta faɗo daidai cikin hunturu. Kyakkyawa ne, amma ba shi da juriya ko kaɗan. Yana son sanyi tsakanin digiri 0 zuwa 2, ba a wanke shi sai za a yi amfani da shi, kuma ko a firji kwanakinsa ƙalilan ne. Saboda haka a yi oda daidai da ranar taro, kaɗan-kaɗan. Lafiyayyun su hau kan kek ko kofin yogot, guda biyu ko uku sun wadatar. Waɗanda suka fara laushi a hanya kada a zubar: a dafa su da sukari da ruwan lemun tsami, su zama romon zubawa a kan fanke ko ayis kirim.

Na uku, busassun kayan gida, shi ne wanda aka fi rainawa, alhali nan ne ribar take. Tsamiya, magarya, goriba da 'ya'yan kuka duk a rani suke cika kasuwa, zoɓo kuma ba a daɗe da girbe shi ba. Ana ganinsu kamar kayan tallan yara, amma Tarayyar Turai tun 2008 ta amince a sayar da garin 'ya'yan kuka a kasuwanninta, shahararren romon nan na Ingila, Worcestershire, kuwa da tsamiya ake haɗa shi. Waɗannan kaya busassu ne, ba ruwansu da firji, ba sa tsoron ɗauke wuta. Tsamiyar da aka jiƙa aka tace, aka dafa da dabino da albasa da ɗan barkono har ta yi kauri, ta dace da gasasshen kifi da naman rago, domin tsaminta na yanke maiƙo. Garin 'ya'yan kuka a cikin yogot tsohuwar dabarar masu tallan nono ce, sai dai a kyautata kofi. Garin magarya, wanda ake tuwon magarya da shi, na shiga cikin kwaɓin biskit.

Sai batun ɗumi. Wanda ya shigo daga cikin iskar hunturu da ƙarfe tara na dare ba ƙanƙara yake nema ba. A Masar da Sudan zoɓo da zafinsa ake sha idan sanyi ya sauko, a Jamaika kuma shi ne abin shan Kirsimeti. Babu abin da ya hana a tarbi baƙi da zoɓo mai ɗumi da citta da kanumfari da ɓawon lemu, ko kunun tsamiya a ƙananan kofuna. Abarba ma idan ta hau gawayi aka barbaɗa mata kirfa ta zama abin rufe ciki mai ɗumi. Kankana a bar ta ga tarukan rana. Agwaluma kuwa ta farkon zuwa tsami gare ta, a jira ta.

Akwai tarkon da ke kama sababbin kuku. Ɗanyar abarba da gwanda na da sinadaran da ke narka furotin: idan suka jima cikin madara ko yogot sai ɗaci, kuma jeli ba zai daskare ba. A ɗan dafa su tukuna. Ayaba ba ta shiga firji, ƙasa da digiri 13 ɓawonta baƙi yake yi. A kuma raba ta da sauran kaya, domin iskar da take fitarwa na gaggauta nunarsu. Busasshiyar iskar hunturu na tsotse ruwan duk abin da aka yanka aka bari a buɗe, ƙura kuma ta hau, don haka a rufe, a ajiye ƙasa da digiri 5, kada ya wuce sa'a biyu a kan teburi. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi kan nuna ayaba da mangwaro da kabayid. Ayabar da ta yi rawaya fes amma wuyanta kore, cikinta kuma ba zaƙi, abar zargi ce.

Wajen sa farashi, a yi lissafi da abin da ya rage bayan fira, ba da abin da aka sayo ba. Abarba kusan rabinta ɓawo da kai da zuciya ne, lemu ma ruwansa ba ya cika wuce rabin nauyinsa. A takardar abinci kuma a faɗi asalin kaya: lemun Binuwai, sitiroberin Jos. Mai ci ya fi sakin kuɗi idan ya san daga ina abin ya fito.

Wannan shiri ba na Disambar bana kaɗai ba ne. Watan azumi na matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara: a 2025 ya kama a farkon Maris, kuma bisa lissafi a 2030 zai zo sau biyu, a Janairu da kuma ƙarshen Disamba. A 2033 ana sa ran ƙaramar sallah za ta faɗo cikin makon Kirsimeti. Shekaru masu zuwa, buɗa-baki da walimar sallah duk da kayan marmarin hunturu za a yi su.