Darasi Daga Katanga Da Rumbu: Ja-in-ja Tsakanin Namiji Da Mace A Cikin Dabbobi

Ya ku ɗalibai, darasinmu na kimiyyar halittu a bana ba ya bukatar tafiya nesa. Ƙadangaren da ke kan katanga da ƙwaron da ke cikin wakenmu sun ishe mu misali.

Ku dubi jan gwada da hantsi. Kansa ja ne, jikinsa baƙi-baƙi mai shuɗi, yana gyaɗa kai a inda kowa zai gan shi. Matan kuwa launin ƙasa gare su, sai an lura ake ganinsu. To, me ya sa namiji yake tallan kansa, alhali shaho ma yana kallo? Masanin nan na Ingila, Charles Darwin, ya yi bayani a littafinsa na shekarar 1871. Ya nuna cewa ba tsira da rai kaɗai ke sa wata siffa ta yaɗu ba, har da samun abokiyar barbara. Wannan shi ake kira zaɓen jinsi, kuma hanya biyu yake bi. Ta farko, maza su yi faɗa a junansu, kamar yadda jan gwada biyu suke bugun juna da wutsiya a kan yanki. Ta biyu, mace ta zaɓi wanda ya burge ta. A shekarar 1982 Malte Andersson ya gwada wannan a Kenya. Ya rage wutsiyar wasu tsuntsaye maza masu doguwar wutsiya, ya ƙara wa wasu. Waɗanda aka ƙara wa su ne suka fi samun mata.

Amma akwai abin da ya wuce ado da zaɓe. Mace tana kashe ƙarfi mai yawa a kan kowane ƙwai, namiji kuwa abin da yake bayarwa kaɗan ne. Saboda haka namiji yakan ƙaru da yawan barbara, mace kuwa ba kullum ba. Daga nan saɓani yake tasowa.

Manoman Wurno da Rabah da Goronyo sun san ɓarnar ƙwaron wake. Ana kawo wake gida da kaka, kafin bazara sai a tarar duk ya huhhuje. Macen tana manna ƙwayayenta a bayan ƙwayar wake, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta shige ciki tana ci, bayan kamar mako uku zuwa huɗu a lokacin zafi ta fito a matsayin ƙwaro. Babban ƙwaron yana iya ƙare rayuwarsa ba ci ba sha, aikinsa haihuwa ne kawai.

A shekarar 2000, Helen Crudgington da Mike Siva-Jothy na Jami'ar Sheffield suka bayyana cewa gaban namijin wannan ƙwaro cike yake da ƙayoyi, kuma suna ji wa mace rauni a ciki. Macen da aka yi wa barbara fiye da sau ɗaya ta fi saurin mutuwa. Ita ma ba ta zauna haka nan ba: tana harbin namijin da ƙafafunta na baya don a gama da wuri. Da aka hana wasu matan yin harbi, barbarar ta daɗe, raunin ya ƙaru.

Me namiji yake samu? Masana a Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin sun gano cewa idan mace ta sadu da maza da yawa, mai dogayen ƙayoyi ya fi zama uban 'ya'yan. Sun kuma gwada ire-iren ƙwarin nan, suka ga inda ƙayoyin maza suka fi muni, nan ne bangon cikin mata ya fi kauri. Wato kowane ɓangare yana mayar da martani, zuriya bayan zuriya. Duk da haka ba gaba ce zalla ba, domin macen da ke jin ƙishirwa takan yarda da ƙarin barbara saboda ruwan da take samu daga namiji.

Wannan sani yana da amfani a gida. Tun da haihuwa ce ƙarfin ƙwaron, maganinsa shi ne a katse ta. Buhu mai ninki uku da ake kira PICS yana toshe iska, sai tsutsa ta mutu ba tare da an zuba guba a abinci ba.

A ƙarshe, kada wani ya ɗauki halin ƙwaro ya zama hujja. Kimiyya tana gaya mana abin da ke faruwa ne, ba abin da ya kamata mu yi ba. Ƙwaro ba shi da lamiri, mu kuwa Ubangiji ya ba mu, ya kuma kira mu ga ƙauna da girmama juna.

Aikin hutu:
1. Ku zuba wake mai ƙwaro a kwalba biyu, ɗaya a toshe sosai, ɗaya a rufe da ƙyalle. Ku ƙirga hujojin bayan mako shida.
2. Ku lura da katanga ɗaya har kwana bakwai. Jan gwada nawa ne, mata nawa?