Darasi Na 17: Cire Ciyawa Daga Cikin Kwamfuta

Mu a Palladan tsakanin makarantu muke zaune. Ga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, wadda aka buɗe a 1962. Ga makarantar koyon tuƙin jirgin sama kusa da mu, tun 1964. Yau in yaro ya shiga babbar makaranta, sai ya ce a saya masa kwamfutar cinya. Uba ya sayar da masara ko akuya, ya tafi Sabon Gari ya sayo. Abin da aka samu da gumi haka, lalle ne mu san yadda ake kiyaye shi.

Kwamfuta da manhaja take aiki. Manhaja ita ce umurnin da ke gaya wa na'ura abin da za ta yi. Akwai ta rubutu, akwai ta lissafi, akwai ta tsaro. Amma sabuwar kwamfuta takan zo da waɗansu da ba mu ce a sa mana ba. Su ne manhajojin gwaji, watau ɗanɗano, irin wanda mai kilishi kan ba mutum don ya saya. Masu su sukan biya masu ƙera kwamfuta don a sa su ciki. McAfee da Norton, manhajojin tsaro, sukan zo ta wannan hanya. Galibi kwana 30 ake bayarwa kyauta. In wa'adi ya cika, sai saƙo ya dinga fitowa yana neman kuɗi.

Mene ne aibin barinsu? Suna cin wuri. Waɗansu suna tashi tare da kwamfuta, sai ta yi nauyi, batir ya ƙare da wuri, ga wuta ba kullum ake samu ba. Suna kuma cin data wajen sabunta kansu. Babban haɗari shi ne kuɗi. In yaro ya sa lambar katin banki, ana iya cire kuɗi duk lokacin da wa'adi ya zagayo, shi bai sani ba. Har wa yau, a 2015 an gane cewa wata manhajar talla mai suna Superfish, wadda ta zo cikin waɗansu kwamfutocin Lenovo, ta buɗe ƙofar da ɓarayi za su iya leƙen asirin mutane.

To, yaya za mu cire? Mu tuna da gona. In mun yanke kan ciyawa muka bar saiwa, tana nan. Haka ɗan hoton da ke fuskar kwamfuta. Share shi ba ya cire manhaja. Ga yadda ake tumɓuke ta a Windows 11:

1. Mu kwafe takardunmu da hotunanmu cikin filashi tukuna.
2. Mu latsa Start, sa'an nan Settings.
3. Mu latsa Apps, sa'an nan Installed apps. A Windows 10 sunansa Apps & features.
4. Mu karanta sunayen a hankali, mu nemo wadda ba mu so.
5. Mu latsa ɗigo uku da ke gefen sunan, mu zaɓi Uninstall, watau cire. A Windows 10 sunan za mu latsa.
6. In ta gama, mu kashe kwamfuta mu sake kunnawa.

Mu lura da abu uku. Na ɗaya, manomin kirki ba ya tuge gero tare da ciyawa. In mun ga Intel, ko AMD, ko Realtek, ko NVIDIA, mu bar su. Su ke sa hoto da sauti da intanet su yi aiki. Sunan da ba mu gane ba, mu tambayi malami. Matambayi ba ya ɓata.

Na biyu, cire manhaja ba ya tsai da biyan kuɗi. In an riga an sa lambar kati, sai an shiga shafin kamfanin an soke yarjejeniyar.

Na uku, kada mu ji tsoron gida zai zauna ba mai gadi. Windows tana da nata, sunansa Microsoft Defender. Kyauta ne, kuma shi kan kama aiki da kansa in an cire na gwajin.

Duk wannan aiki karatu ne. Wanda ya iya karanta abin da ke gabansa, ba ya latsa abin da zai ci masa kuɗi.

Kalmomin rubutu: manhaja, gwaji, wa'adi, saiwa, latsa.

Tambayoyi:
1. Mece ce manhajar gwaji?
2. Don me share ɗan hoto ba ya cire manhaja?
3. Waɗanne sunaye huɗu ne ba za mu taɓa ba?
4. In an riga an sa lambar kati, me za a yi?

Aikin gida: Wanda ke da kwamfuta a gidansu ya zauna da yaronsa, su rubuto sunayen manhajoji 5 da ke ciki. Ya kawo aji mu duba tare.