Hunturu da Bushewar Fuska: Wane Mai Ya Kamata a Shafa?

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu take kaɗawa. Tana fitowa daga hamadar Sahara, ta biyo ta Chadi da Nijar ɗauke da ƙura. Busasshiyar iska ce ƙwarai. Duk abin da ta samu da danshi sai ta zuƙe shi. Shi ya sa wanki yake bushewa nan da nan, kuma shi ya sa fuskar mutum take yin furu-furu kamar an barbaɗa mata toka.

A Kaya da sauran garuruwan Maradun da Bakura da Talata Mafara, wannan lokaci ba na zaman ɗaki ba ne. Lokacin noman rani ne. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka gama ginawa a 1978, tana ba gonaki ruwa, manoma kuma suna sammako zuwa ban-ruwa cikin sanyi. Mata suna zuwa rijiya, yara suna tafiya makaranta ko kiwo. Jiki yana cikin riga, amma fuska a waje take wuni.

Me ya sa fata take bushewa?

Fata tana da ruwa a cikinta. A samanta kuma akwai wani ɗan maiƙo da jiki yake fitarwa da kansa. Wannan maiƙo shi ne murfin da yake hana ruwan fita. Idan ya tafi, ruwan sai ya bi iska. Fata ta ɗaure, ta yi kaushi, ta fara ƙaiƙayi. Daga nan sai ta tsage, kamar yadda lakar fadama take tsattsagewa idan ruwa ya janye.

Tsagewar nan ba ƙaramin abu ba ce. Fata ita ce katangar jiki. Inda ta tsage, ƙofa ce ta buɗe wa ƙwayoyin cuta. Yaro zai sosa da farce mai datti, wurin ya kumbura, ya tara mugunya. Jarirai da tsofaffi sun fi shan wahala, domin fatarsu ba ta da ƙwari.

Ba iska kaɗai ke da laifi ba. Sabulun wanki da omo an yi su ne don su cire maiƙo daga tufafi da kwanuka. Haka za su cire na fuska. Ko sabulun salo, da yake da toka ake yin sa, yakan yi wa busasshiyar fuska ƙarfi. Ruwa mai zafi sosai yana da daɗi da asuba, amma shi ma yana narkar da maiƙon. Sai kuma dirza fuska da soso don a kankare farin. Farin ba dauɗa ba ne. Fata ce ta bushe, dirzawa kuma ƙara mata ciwo take yi.

Saboda haka a wanke fuska da ruwa mai ɗumi-ɗumi, da tafin hannu. Sabulun wanka mara ƙarfi, sau ɗaya a rana, ya isa.

Lokacin shafa mai

Ga inda mutane da yawa suke kuskure. Mai ba ya ba fata ruwa. Aikinsa shi ne ya tsare ruwan da ya tarar. Wanda ya bari fuskarsa ta bushe ƙarau sannan ya shafa mai, kamar wanda ya rufe randa ne bayan ruwan ya ƙare. Fuska za ta yi sheƙi, amma ɗaurewar tana nan.

Abin da ya dace shi ne a shafa mai da zarar an gama wanka, tun fuska tana da ɗan laima. Kada a goge ta da ƙarfi. A ɗan danna tsumma mai tsabta, sannan a murza mai kaɗan a tafin hannu a shafa. A yi haka da safe kafin a fita, da kuma dare kafin a kwanta. Mai yawan wanke fuska, kamar bayan alwala ko bayan dawowa daga gona, ya ƙara ɗan kaɗan a kumatu da leɓe. Lasar leɓe ba ta maganin tsagewa. Miyau yana bushewa, ya bar leɓen fiye da yadda ya same shi.

Wane mai za a zaɓa?

Man kaɗanya ne na farko. Kakanni sun daɗe da sanin sa, kuma har yau kamfanonin Turai suna sayen sa daga Afirka ta Yamma su zuba a cikin mayuka masu tsada. Yana da kauri, yana daɗewa a fata, ga araha. Mai kyau yakan zama fari-fari ko ruwan ɗorawa kaɗan, ya narke a tafin hannu, babu tsakuwa ko dusa a ciki. Idan warinsa ya canza ya yi ɗoyi, ya lalace, a bar shi. A ajiye shi a rufe, a inuwa, kuma a riƙa ɗiba da hannu mai tsabta.

Na biyu shi ne basilin fari, wanda ba a sa masa turare ko kala ba. Wajen tsare ruwa a fata da wuya a sami wanda ya fi shi. Ya dace da leɓe, da gefen hanci, da fuskar jariri. Illarsa ita ce ƙura tana manne masa, don haka ya fi daɗin shafawa da dare.

Akwai kuma gilisarin. Shi jawo ruwa yake yi zuwa fata. Kada a shafa shi tsagwaronsa, a sirka shi da ruwa mai tsabta, sannan a bi shi da man kaɗanya.

Man kwalba mai ruwa-ruwa, wanda ake kira loshan, rabinsa ko fiye ruwa ne. Yana da daɗin shafawa, amma a tsakiyar hunturu ba ya daɗewa. Ya fi dacewa da samari da 'yan mata masu ƙurajen fuska, waɗanda mai mai kauri yake ƙara wa ƙuraje. Mai yawan ƙamshi kuwa, turaren ne ake saye, kuma yakan yi zafi a fatar da ta tsage. Kowane sabon mai, a fara gwada shi a bayan kunne kwana 2. Idan babu ƙaiƙayi ko kumburi, sai a kai shi fuska.

Hattara da man bilicin

A kasuwar Talata Mafara, kamar sauran kasuwanni, za a ga kwalabe masu hoton farar mace. Wasu masu sayarwa sukan ce mai ne na gyaran fata. Da yawansu na bilicin ne. Akan sa musu sinadarai masu ƙarfi kamar haidirokwinon, ko siteroyid, ko zaiba. Siteroyid yana sa fata ta yi sirara har jijiyoyi su bayyana, ciwo kuma ya ƙi warkewa. Haidirokwinon, in an daɗe ana shafawa, yana barin baƙin tabo a kumatu wanda yake da wuyar fita. Zaiba tana lalata ƙoda, kuma tana cutar da ɗan da ke ciki da mai shan nono. A 2023 hukumar NAFDAC, mai kula da ingancin abinci da magunguna, ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta ƙasa mai bukatar matakin gaggawa. Abin takaici, har jarirai wasu suke shafa wa.

Kafin a biya kuɗi, a juya kwalba a duba lambar NAFDAC da ranar da man zai daina aiki. Man da aka haɗa aka ɗura a roba ba suna ba lamba, a bar wa mai shi. Idan rubutun ya yi wuya, a nuna wa ma'aikacin lafiya.

Wani abin lura shi ne wuta. Mayafi ko riga ko zanen gado da ya sha mai yana saurin kamawa. Masu jin ɗumi su ja baya kaɗan, a kuma kula da yara kusa da murhu.

Wanda mai ba ya magani

Idan an yi mako 2 ana shafa mai babu sauƙi, ko fata tana fitar da ruwa, ko ta yi ɓawo ruwan zuma, sai a tafi asibiti. Haka ma tabo mai zagaye da yake faɗaɗa yana ƙaiƙayi, wannan yana iya zama makero, kuma maganinsa daban ne.

Akwai kuma tabon da ya fi sauran fata haske, ba ya ƙaiƙayi, ba ya gumi, kuma idan an taɓa shi da auduga mutum ba ya ji. Wannan yana iya zama farkon kuturta. Kuturta tana warkewa da magani na wata 6 zuwa 12, kuma tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da maganin kyauta. Wanda ya fara sha da wuri ba ya rasa yatsa ko ɗaya. Mai irin wannan tabo ya je asibitin da ya fi kusa da shi, ya nemi jami'in kula da tarin fuka da kuturta na ƙaramar hukumarsa.